Darasi: Kafin Ka Sayi Fom, Auna Kanka, Sannan Ka Auna Makarantar

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da digiri na biyu a harkar kasuwanci, da wanda ya dace ya neme shi;
2. auna shirinsa ta fuskar takardu da lissafi da lokaci;
3. lissafa ainihin kuɗin da karatun zai ci, ba kuɗin makaranta kaɗai ba;
4. gane makarantar da hukuma ta amince da ita, ya kuma zaɓi wadda ta dace da halinsa.

WA AKE YI WA WANNAN DARASI?

Wani a cikin aji zai ce, "Malam, mu da ba mu yi digirin farko ba, ina ruwanmu da na biyu?" Da ruwanku. A Bagwai da Kiyawa da Gadanya da sauran garuruwanmu, idan yaro ya gama jami'a ya dawo gida, ko ma'aikaci ya yi niyyar ƙaro karatu, ba shi kaɗai yake biya ba. Uba ne zai sayar da sa, ko uwa ta kwashi adashi, ko yaya ya fitar da buhunan masara kafin su yi daraja. Wanda zai fitar da dukiyarsa yana da haƙƙin ya san tambayoyin da zai yi. Saboda haka darasin na mutum biyu ne: mai neman gurbin karatu, da mai ɗaukar nauyinsa.

1. MENE NE WANNAN KARATU?

Bayan digirin farko akwai digiri na biyu, wanda aka fi sani da mastas. A fannin kasuwanci iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne MBA. Ana koyar da yadda ake tafiyar da kamfani ko ma'aikata: riƙe littafin kuɗi, neman kasuwa, jagorancin ma'aikata, tsara jari, da yanke shawara idan hanya ta rabu biyu. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara ba da shi a 1908, daga nan ya bazu a duniya. Ba sai wanda ya karanci kasuwanci a digirin farko ba. Injiniya da likita da malamin gona duk suna shiga.

Na biyu shi ne MSc, a fanni kamar akanta ko gudanarwa ko tattalin arziki. Shi nauyinsa na kan bincike da rubutu.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. A yawancin jami'o'in Nijeriya, mai son ya zama malamin jami'a ko ya wuce zuwa digirin digirgir, MSc ake nema a wurinsa. Mai MBA sau da yawa sai an ce ya koma ya yi MSc ko wani karatun share fage. Mutane da dama sun gano haka ne bayan sun ɓata shekara biyu da kuɗi masu yawa.

AKWATIN KALMOMI (1)
• MBA: digiri na biyu na ƙwarewa a kan tafiyar da kasuwanci da ma'aikata.
• MSc: digiri na biyu na ilimi da bincike, wanda ke buɗe ƙofar koyarwa a jami'a da digirin digirgir.
• PGD: difloma ta bayan digiri, yawanci ta shekara ɗaya, wadda ke zama gada ga wanda takardunsa ba su kai shi mastas kai tsaye ba.

2. TAMBAYAR FARKO: ME KAKE NEMA?

Kafin a zo maganar takardu, ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya: "Ina son wannan karatu ne domin…" Idan abin da ya zo bakin biron shi ne "domin abokaina duk sun yi", ko "domin zaman gida ya ishe ni", to ajiye maganar fom tukuna. MBA ba ya samar wa mutum aiki da kansa. Abin da yake yi shi ne ƙara wa mai aiki ko mai sana'a basirar tafiyar da abin da ke hannunsa.

Ga irin amsar da take da ƙafa. Sakataren ƙungiyar manoman rani a madatsar ruwa ta Watari ya ce: "Membobinmu suna noma tumatir da albasa da shinkafa, amma kullum dillali ne ke yanke farashi. Ina so in iya tsara yadda za mu tara kaya wuri ɗaya, mu nemi bashin da ba zai karya mu ba, mu sayar da kanmu." Ma'aikaciyar sashen kuɗi a ƙaramar hukuma ta ce: "Ina so in cancanci riƙe sashe." Matashin da mahaifinsa ke da rumfa a kasuwar Dawanau ya ce: "Muna sayar da riɗi da zoɓo ga masu fita da su waje, ina so mu san yadda za mu fitar da kanmu." Kowannensu ya san matsalar da zai shiga aji da ita.

Wani lokaci kuma amsar da ka rubuta za ta nuna maka cewa ba MBA kake bukata ba. Mai son zama cikakken akanta, jarrabawar ICAN ko ANAN ta fi masa amfani. Mai ƙaramin shago da yake son koyon riƙe littafi da yi wa sana'arsa rajista a hukumar CAC, gajeren horo irin wanda hukumar SMEDAN ke shiryawa zai iya wadatar da shi. Babu kunya a cikin wannan.

3. AUNA TAKARDU

Kowace jami'a tana fitar da sharuɗɗanta a tallar shekara, kuma tallar ce hujja, ba maganar wani a majalisa ba. Duk da haka akwai abubuwan da kusan ko'ina za ka tarar:

• kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, har da Turanci da Lissafi; wasu suna ƙara darasin tattalin arziki;
• digirin farko, galibi mai daraja ta biyu zuwa sama;
• PGD ga mai babbar difloma ta HND ko mai digiri daraja ta uku;
• takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa;
• taranskirif daga makarantar da aka gama;
• wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku da suka san karatunka ko aikinka.

A jami'o'in da ke auna maki bisa 5.00, rabon darajoji yawanci haka yake: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Misali na 1. Wani malamin sakandare ya gama digiri da maki 2.31. Abokinsa ya gama da 2.46. Tazarar da ke tsakaninsu 0.15 ce kawai, amma na farko yana daraja ta uku, na biyu yana daraja ta biyu ta ƙasa. A yawancin wurare na biyu zai iya neman MBA kai tsaye, na farko kuwa sai ya bi ta PGD. Ke nan ya sa a lissafinsa ƙarin shekara guda da ƙarin kuɗinta. Gara ya san haka yau da ya sayi fom ɗin da ba nasa ba, don ba a mayar da kuɗin fom.

Abu biyu suke yawan kayar da mutanenmu a nan, kuma ba ruwansu da ƙoƙarin karatu. Na ɗaya, saɓanin suna. A takardar sakandare an rubuta Muhammad, a ta digiri Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an ƙara sunan gari a ƙarshe. Ranar haihuwa ma ta wannan daban, ta wancan daban. Shimfiɗa takardunka gaba ɗaya a kan tabarma ka duba su harafi bayan harafi. In akwai saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa tun da wuri. Na biyu, taranskirif. Ba kai kake ɗauke shi da hannu ba, makarantarka ce take aikawa, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni. Wanda ya jira sai an fara sayar da fom sannan ya nema, sau da yawa an rufe kafin ya iso.

Game da bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973: wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri ana ba shi takardar yafewa, wanda kuma ya yi karatun wucin gadi ana ba shi wasiƙar da ke nuna ba ya cikin masu tafiya. Duk ana karɓa, amma dole ɗaya daga ciki ta kasance a hannu.

AKWATIN KALMOMI (2)
• Taranskirif: cikakken sakamakon kowane kwas da ɗalibi ya yi tun daga shekarar farko, wanda jami'a ke aika wa wata jami'a.
• Wasiƙar shaida: rubutun malami ko shugaban wurin aiki da ke bayyana hali da ƙwazon mai neman gurbi.
• Gurbi: wurin da makaranta ta ba ɗalibi a wani kwas.

Kan wasiƙar shaida, kada ka bi girman suna. Wasiƙar hedimasta da ya ga aikinka shekara biyar ta fi ta babban mutumin da bai san fuskarka ba.

4. AUNA KAI DA KANKA: LISSAFI, TURANCI, GOGEWA

Takarda tana shigar da mutum aji, amma ba ita take zaunar da shi ba. A zangon farko za a haɗa ka da lissafin kuɗi da ƙididdiga da tattalin arziki. Ba lissafin injiniyoyi ba ne. Kashi cikin ɗari ne, da matsakaici, da karanta jadawali. Sai dai wanda ya shekara goma bai taɓa su ba zai ji jiki. Gwada kanka da wannan. Alƙaluman na misali ne, ba farashin kasuwar yau ba.

Misali na 2. Da kaka wani ya sayi buhu 100 na shanshera a kan ₦40,000 kowane buhu. Ya biya kuɗin mota da 'yan dako ₦1,500 a kan kowane buhu, da hayar sito na wata huɗu ₦100,000. Da ya tashi sayarwa, bushewa da ɓarnar ɓera sun cinye daidai buhu 3. Ya sayar da ragowar a kan ₦48,000. Nawa ya ci riba?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce: ₦8,000 sau 100, wato ₦800,000, kashi 20 cikin ɗari. Ba haka ba ne.

Kuɗin kaya: 100 × ₦40,000 = ₦4,000,000
Mota da dako: 100 × ₦1,500 = ₦150,000
Sito: ₦100,000
Jimillar abin da ya kashe: ₦4,250,000
Ciniki: 97 × ₦48,000 = ₦4,656,000
Riba: ₦4,656,000 − ₦4,250,000 = ₦406,000

Ribar ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na jarinsa ba, kusan 9.6 ce. Da farashi ya tsaya ƙasa da kimanin ₦43,815 a buhu, da uwar kuɗi ya taɓa. Sannan ga tambayar da malamin MBA zai jefa maka: idan a cikin waɗannan watanni huɗu farashin kayan masarufi gaba ɗaya ya hau da kashi 10, shin mutumin nan ya ci riba, ko dai kuɗinsa ne suka ƙara yawa a ido kawai?

In ka warware wannan cikin natsuwa, kana da tubali. In ya ba ka wahala, nemi littafin lissafin babbar sakandare ka zauna da shi wata biyu ko uku kafin ka nemi gurbi. Abin lura a nan: da yawa daga cikin dattawan Dawanau da Kantin Kwari da kasuwar Singa suna yin wannan lissafi da ka, ba su taɓa shiga jami'a ba. Abin da aji zai ƙara maka shi ne iya rubuta shi yadda banki ko abokin hulɗa daga nesa zai karanta ya gamsu.

Turanci kuma, gwajinsa mai sauƙi ne. Ɗauki shafin kasuwanci na jaridar Turanci, ka karanta labari ɗaya, ka rufe, ka rubuta abin da ya ƙunsa a layi goma. Karatun gaba ɗaya da Turanci ake yinsa, ana kuma yawan tsayar da ɗalibi gaban aji ya yi bayani. Haka ma kwamfuta: fom, biyan kuɗi, aikin gida, duk ta nan suke bi.

Sai gogewa. Makarantu da yawa suna son wanda ya taɓa aiki ko sana'a na wasu shekaru, domin rabin darasin daga bakin ɗalibai yake fitowa. Kada ka raina abin da kake da shi. Wanda ya riƙe asusun ƙungiyar gama-kai, ko wadda ta tafiyar da injin casar shinkafa da ma'aikata huɗu, ko mai shagon taki da maganin feshi da ya san zafin bin bashi bayan damina ta yi gardama, duk gogewa ce. Sharaɗin dai a iya nuna shaidarta: takardar rajista, littafin ciniki, bayanin asusun banki.

5. KUƊIN DA AKE GANI DA WANDA BA A GANI

Nan ne ya kamata mai ɗaukar nauyi ya matso kusa. Kowa yana tambayar kuɗin makaranta. Kaɗan ne suke tambayar sauran.

AKWATIN KALMOMI (3)
• Kuɗin fili: abin da aka rubuta a takardar makaranta, kamar kuɗin fom da na rajista.
• Kuɗin ɓoye: mota, abinci, kwana, data, gurza takardu, kundin bincike.
• Abin da aka rasa: kuɗin da mutum zai samu da bai tafi karatu ba.

Misali na 3. A ce ma'aikaci mazaunin Bagwai zai riƙa zuwa Kano karatun ƙarshen mako na shekara biyu, mako 30 a kowace shekara. Nan ma alƙaluman na koyon lissafi ne. Kowa ya sa na gaskiya da ya samo da kansa.

Fom da taranskirif: ₦50,000
Kuɗin makaranta: ₦400,000 × 2 = ₦800,000
Mota, zuwa da dawowa: ₦6,000 × 60 = ₦360,000
Abinci da kwana: ₦5,000 × 60 = ₦300,000
Littattafai, data, gurza takardu: ₦120,000
Kundin bincike: ₦100,000
Abin da ya rasa a gonar rani da cin kasuwa: ₦150,000 × 2 = ₦300,000
Jimilla: ₦2,030,000
Kashi 10 na ko-ta-kwana: ₦203,000
Jimillar ƙarshe: ₦2,233,000

Duba da kyau. Kuɗin makaranta, wanda shi kaɗai aka faɗa wa iyali, kashi ɗaya cikin uku ne da ɗan ɗoriya. In aka raba jimillar a wata 24, kowane wata yana bukatar kimanin ₦93,000. Idan albashinsa ₦120,000 ne, kuma yana da mata da 'ya'ya, to ba a shirya ba, komai kyawun takardunsa. Ko ya tara wani abu tukuna, ko ya nemi tsari mai sauƙi.

Tambaya ta gaba: yaushe kuɗin za su dawo? In bayan kammalawa samunsa ya ƙaru da ₦25,000 a wata, sai ya yi kusan wata 90, wato shekara bakwai da rabi, kafin ya mayar da abin da ya kashe. Ga ɗan shekara 30 wannan ciniki ne mai kyau. Ga wanda ya rage shekara biyar ya yi ritaya, sai dai in yana da wata sana'a da zai kai ilimin can.

Ma'aikacin gwamnati ya ƙara da wannan: ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ya fara, ya kuma tambayi ofishin kula da ma'aikata ko takardar da zai samo tana cikin waɗanda ake la'akari da su a tsarin aikinsa. Digirin da aka yi ba da izini ba yakan sha wahalar shiga fayil.

Lokaci ma kuɗi ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun da aka tsara wa shekara biyu yana iya zarcewa. Ga manomi kuma, a duba ko jarrabawa tana faɗowa a tsakiyar shuka ko girbi. Ga matar aure, a zauna da maigida da wadda za ta riƙe yara tun kafin a biya ko kwabo. Yardar da aka samu bayan an riga an biya ba ta cika ƙarko ba.

6. ZAƁEN MAKARANTA

Sharaɗin farko ba a ciniki a kansa: sai makarantar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita, ta kuma amince mata ta gudanar da wannan kwas ɗin. Hukumar tana wallafa sunayen jami'o'in da ta yarda da su a shafinta na intanet, takan kuma fitar da jerin na bogi. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Duk wanda ya ce maka ba sai ka shiga aji ba, ko ya ba ka lambar asusunsa na kansa ka tura kuɗin makaranta, ka rabu da shi. Jami'o'in Gwamnatin Tarayya ta tsarin biyan kuɗi na Remita ake biyansu, kuma kai da kanka kake ciro takardar biya daga shafin jami'a.

AKWATIN KALMOMI (4)
• Amincewar hukuma: shaidar cewa an duba malamai da kayan aiki da manhajar kwas, an ga sun cika sharaɗi.
• Cikakken lokaci: karatun da ake yi a ranakun aiki.
• Wucin gadi: karatun yamma ko na ƙarshen mako, don masu aiki.
• Karatu daga nesa: wanda ake yi ta intanet, sai jarrabawa a je cibiya.

Ga mutumin Bagwai, mafi kusa ita ce Jami'ar Bayero ta Kano. Makarantarta ta kasuwanci tana ɗauke da sunan Dangote, kuma Gidauniyar Aliko Dangote ce ta gina mata mazauni a sabuwar harabar jami'ar da ke kan titin Gwarzo, aka buɗe a 2018. A jami'ar kuma akwai cibiya ta musamman a kan harkar banki da hada-hadar kuɗi bisa tsarin Musulunci, fannin da ya samu kasuwa tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Wanda zuciyarsa ke kan harkar amfanin gona ya leƙa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta wannan jami'a da tsangayar aikin gona, ya ga ko kwas ɗinsu ya fi kusa da burinsa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tsohuwar hannu ce. Tun kafin kafa ta ake horar da ma'aikatan mulki na Arewa a unguwar Kongo ta Zariya. Tana da cibiyar karatu daga nesa da ke gudanar da MBA ta intanet. Haka Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda ke da cibiyoyi a birnin Kano da wasu ƙananan hukumomin Kano ta Arewa. Karatu daga nesa yana rage kuɗin mota, amma yana neman abu uku: sabis mai ƙarfi, hanyar cajin kwamfuta ko da babu wuta, da mutumin da zai iya zaunar da kansa karatu bayan sallar isha'i ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Na ukun nan ya fi wuyar samu.

A Legas akwai makarantar kasuwanci ta Jami'ar Pan-Atlantic, da aka fara a 1991, mai shaidar amincewa daga ƙungiyoyin duniya irin su AACSB da AMBA. Kuɗinta ba na kowa ba ne.

Ƙasashen waje kuwa, a taƙaice. Makarantu da yawa a Amurka da Turai suna neman jarrabawar GMAT. A sabon tsarinta maki yana kamawa daga 205 zuwa 805, sakamakon kuma yana aiki shekara biyar. Ana iya neman jarrabawar Turanci ta IELTS, mai aiki shekara biyu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin dawowa gida. Wanda zai biya da aljihunsa ya tuna cewa a farkon 2023 dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura ₦1,500. Iyalai da yawa sun tura yaro da lissafi ɗaya, suka wayi gari da wani.

To yaya za a zaɓa? Zaɓen makaranta kamar zaɓen iri ne: ba wanda ya fi suna a kasuwa ake ɗauka ba, sai wanda ya dace da ƙasar gonarka da tsawon daminarka. Ga hanyar da za ta taimaka. Rubuta abubuwan da suka dame ka, ka raba musu nauyi 10 gwargwadon muhimmancinsu a wurinka. Sannan ka ba kowace makaranta maki daga 1 zuwa 5 a kan kowane abu, ka ninka da nauyin, ka tara.

Misali na 4. Wata ma'ajiyar ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, mai goyo, ta raba nauyinta haka: sauƙin kuɗi 3, sauƙin lokaci da nisa 3, dacewa da buri 2, haɗuwa da mutane 2. Makin da ta bayar, bisa wannan jeri:

Ƙarshen mako a Kano: 3, 2, 4, 5. Jimilla 9 + 6 + 8 + 10 = 33
Daga nesa ta intanet: 4, 5, 3, 2. Jimilla 12 + 15 + 6 + 4 = 37
Cikakken lokaci a gari mai nisa: 1, 1, 5, 5. Jimilla 3 + 3 + 10 + 10 = 26

Ita karatu daga nesa ya fi mata. Amma matashin nan na Dawanau, wanda babban abin da yake nema shi ne sanin ma'aikatan banki da manajojin kamfanoni, ya ba haɗuwa da mutane nauyi 4, sauran ukun 2 kowanne. Da maki iri ɗaya, ƙarshen mako a Kano ya ba shi 6 + 4 + 8 + 20 = 38, karatu daga nesa ya ba shi 8 + 10 + 6 + 8 = 32. Makarantun ba su canja ba, mai zaɓen ne ya canja.

Makin nan ba a ɗaki ake ƙirƙiro shi ba. Nemi mutum biyu da suka gama a wurin kwanan nan, ka tambaye su: malamai suna zuwa aji? Mutum nawa ne a aji ɗaya? Sakamako yana fitowa a kan kari? Shekara nawa kuka yi a zahiri, kuma yaushe takardar shaida ta iso hannu? In da hali, je ka ga wurin ranar da ake lacca. Kuma kada ka dogara da makaranta ɗaya tak. Nemi biyu, in aljihu ya yarda uku, domin gurbi ba tabbas ba ne.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin MBA da MSc? Wanne ya dace da mai son koyarwa a jami'a?
2. Wata ta gama HND, wani kuma ya gama digiri da maki 2.20. Wace hanya kowannensu zai bi kafin ya kai ga MBA?
3. Faɗi matsaloli biyu na takardu da ke hana mutum gurbi ko da sakamakonsa yana da kyau. Yaya ake maganinsu?
4. Koma Misali na 2. Da buhu 5 ne suka lalace maimakon 3, nawa ribar za ta zama?
5. Koma Misali na 3. Idan kuɗin mota ya koma ₦9,000 a mako, nawa ne jimillar ƙarshe bayan an sake lissafa kashi 10 na ko-ta-kwana?
6. Wane ne yake tabbatar da ingancin jami'a a Nijeriya? Kawo alamu biyu da za su sa ka yi shakkar makaranta.
7. Ɗanka ya ce ka sayar da shanu biyu ka biya masa MBA. Rubuta tambayoyi biyar da za ka yi masa kafin ka amsa.

AIKIN GIDA

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi makaranta ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata, ya samo tallarta ta bana, ya tambayi kuɗin mota na yanzu a tasha, sannan ya sake gina jadawalin Misali na 3 da alƙaluman gaskiya. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, tare da sunan takardar ko shafin da kuka ɗauko kowane adadi.